Labarin Zuciya A Tambayi Fuska

Jama'a, ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a shafin nan, in ba ku labarin wata kunya da na sha a hutun da ya wuce, in kuma faɗi ra'ayina game da abin da ta koya mini. Da fari na so in binne maganar, don ba mai son tona asirin kansa. Amma da na zauna na yi tunani, sai na ga abin bai tsaya kaina ni kaɗai ba, ya shafi ko wane ɗayanmu da ke shirin tsayawa gaban yara da alli a hannu.

Yawancinku kun san ni a ƙungiyar wasan kwaikwayo ta kwalejin nan. Tun ina makarantar mishan ni a kan ba sarki Hirudus in wasan Kirsimeti ya zo, saboda Allah ya ba ni murya. Malamarmu ta kan koma can ƙarshen ɗaki ta tsaya, in ka yi magana ta ce, "Ban ji ba, sake!" Sai ka sake, har jijiyar wuyanka ta tashi. Ta haka na girma, na ɗauka gwanin wasa shi ne wanda muryarsa ke bugun bango, mai ware hannuwa, mai zare ido. An kuwa yi mini tafi shekara da shekaru, har na fara jin kaina.

Ana nan sai waɗansu ɗalibai masu koyon aikin fim suka zo daga cikin Jos, za su ɗauki wani gajeren wasa a Naraguta. Wanda bai san wurin ba, yana arewa da Jos, gefen hanyar Bauchi, inda Turawan kuza suka kafa sansani tun Jos ba ta zama gari ba, ya kuwa yi suna wajen dukanci. Labarin wasan ba shi da wuya: ɗan baduku ne ya dawo daga makaranta, zai gaya wa ubansa shi ba zai gaji sana'ar gidan ba. Wani abokina ya kai sunana, aka ba ni ɗan. Uban kuwa ba su nemi ɗan wasa ba, sai suka roƙi tsohon da suka ari rumfarsa ya zauna inda ya saba zama, ya yi ta ɗinkin tumtum ɗinsa, in na gama magana ya ce "To." Iyakar abin da aka ba shi ke nan.

Da aka ce a fara, sai na tako cikin rumfa kamar mai shiga fada, na tsaya ƙiƙam, na bugi ƙirji, na ce, "Baba, ni ba zan gaji dukanci ba!" Mai ba da umarni, wata budurwa da ba ta girme ni ba, ta ce, "A tsaya. Malam, da wa ka ke faɗa?" Na sake, ta tsayar. Na rage murya na ƙara zare ido, ta tsayar. Sai da muka yi haka sau biyar, rana ta take, na fara cewa a raina yarinyar nan ba ta san wasa ba. Sa'an nan ta kira ni ta ce in zo in ga kaina a ɗan allon da ke jikin kyamara.

Kai, jama'a, gani ya kori ji! Na ga wani mutum mai kama da ni, fuska a murtuke sai ka ce kunama ta harbe shi, gira na hawa na sauka, hannu na yawo ba dalili. A gefensa ga tsoho, bai ko ɗaga kai ba. Sa'ad da maganar ta fita bakina, basillar da ke hannunsa ta tsaya rabi cikin fata, ta yi kamar numfashi biyu a nan, sa'an nan ya zare ta a hankali, ya ce "To." Duk waɗanda suka taru kan allon tsohon su ke kallo, ba mai kallona. Ni na sha aiki, shi ya kwashe lada.

Tsohon ya dube ni ya ce, "Ɗana, kana da uba da rai?" Na ce, "Ina da shi, Baba." Ya ce, "Haka ka ke kai masa magana mai nauyi, a tsaye, kana nuna shi da yatsa?" Na rasa ta cewa. A ɗauka ta shida na tuɓe takalmi a bakin rumfa, na durƙusa, na gaishe shi, na yi ta murza wani guntun fata da na tsinta a ƙasa. Maganar ta fito da ƙyar, ban iya duban idonsa ba. Ita aka riƙe.

To, ga ra'ayina. Wasa gaban kyamara ilmi ne dabam da wasan dandamali, abin da ya ke nema wurin mutum kuwa shi ne ya yi abu yadda mutane ke yinsa a gida da kasuwa. A ido ya yi kama da sauƙi, amma ba ya samuwa sai da koyo. Mu malamai kuma, maimakon mu taimaka, mu ne kan fara kashe shi a cikin yara tun suna aji ɗaya. Bari in bi maganar daki daki.

Asalin bambancin nisa ne. A babban ɗakin taronmu, wanda ke benci na ƙarshe yana nesa da ɗan wasa kamar taku talatin, ba ya ganin ƙwayar ido, ba ya jin raɗa. Don haka tilas a ƙara wa kome girma, malamarmu ta mishan ba ta yi kuskure ba. Kyamara kuwa ta kan ɗauko ɗan kallo ta ajiye shi kamu ɗaya daga hancinka. In an haska fim a babban allon silima, fuskar mutum ta kan fi ƙofar ɗaki girma, ƙiftawar ido ɗaya sai ta zama magana. Abin ɗaukar murya da a ke rataya bisa kanka, ko a maƙala maka a riga, yana jin har haɗiyar yawu. Wanda ya kawo ihun dandamali nan, ya zama kamar mai yi wa abokin zamansa a tabarma ɗaya shela.

Akwai kuma abu na biyu, watau ɗan kallo shi ma yana nasa aikin. Wajen 1920 wani mai fim a Rasha, Lev Kuleshov, ya yi wani gwaji da har yanzu a ke koyarwa a makarantun fim. Ya ɗauki hoton fuskar wani sanannen ɗan wasa, Ivan Mozzhukhin, ba fara'a ba fushi. Ya haɗa ta da hoton kwanon miya, sa'an nan da na yarinya a akwatin gawa, sa'an nan da na wata mace a kishingiɗe. Masu kallo suka yi ta yabon gwanintarsa, wai ga yunwa, ga baƙin ciki, ga sha'awa, alhali kuwa fuskar guda ce ba ta canza ba. Ashe abin da ya faru a rumfar baduku ke nan. Tsohon bai nuna mana baƙin ciki ba. Mu ne muka ji maganar ɗan, muka ga basilla ta tsaya, muka cika sauran da zukatanmu. Ni kuwa na cika kwanon har ya zuba, ban bar wa kowa wurin zuba nasa ba.

Daga ranar nan na riƙe abu uku. Na ɗaya, hannu ya sami aikin yi na gaskiya, mai ɗinki ya yi ɗinki, mai tankaɗe ta yi tankaɗe, gama jikin da ke da aiki ba ya samun zarafin yin ƙarya. Na biyu, saurare. Yawancinmu in abokin wasa na magana ba jinsa mu ke yi ba, jira mu ke ya gama mu faɗi namu. Kyamara kuwa ta kan tona wannan nan da nan, don sau da yawa fuskar mai saurare a ke nunawa a bar ta mai magana. Na uku, ka san abin da ka ke so wurin wanda ke gabanka. Wannan koyarwar Konstantin Stanislavski ce, wanda shi da abokinsa suka kafa wani gidan wasa a Mosko a 1898: kada ɗan wasa ya ƙudura nuna baƙin ciki, sai dai ya tambayi kansa, in da shi ne a wannan hali, me zai yi, me ya ke nema. Ɗan baduku albarka ya je nema wurin ubansa, ni kuwa na je masa da faɗa. Da na gane haka tun farko, da ba mu sha rana ba.

Wani zai ce, "To, in haka ne ai ba a bukatar koyo, a kamo kowa a titi a sa shi gaban kyamara." Yana ma da misalan da zai kafa hujja da su. A Italiya a 1948 Vittorio De Sica ya yi fim ɗinsa na ɓarayin keke, wanda duniya ta yaba, babban ɗan wasansa kuwa, Lamberto Maggiorani, ma'aikacin masana'anta ne. Kusa da mu, Oumarou Ganda, mutumin Yamai, dako ya ke yi a tashar jiragen ruwa ta Abijan sa'ad da ya gamu da Jean Rouch, wanda ya sa shi a fim ɗin da ya fito a 1958. Amma a lura, dukansu biyu rayuwa irin tasu aka ba su su yi, kuma akwai gwani a bayan kyamara yana lallaɓa su. Ganda ma bai tsaya nan ba, ya koyi aikin sosai, har fim ɗin da ya shirya da kansa ya ci babbar kyauta a bikin fina-finai na Wagadugu a 1972.

Tsohon namu ma na ga iyakarsa. Kashegari aka ba shi magana mai ɗan tsawo ya haddace. Nan take harshe ya sarƙe, ya riƙa leƙen idon kyamara, muryarsa ta koma ta mai karanta sanarwa. Da aka ce ya sake karo na huɗu, ya ce shi fa yana da aiki. Ga inda wanda ya koya ya bambanta. Ba a ɗaukan fim bi da bi yadda labari ya ke tafiya, sau da yawa a kan ɗauki ƙarshe kafin farko, saboda wuri ko hasken rana. Ɗan wasa zai yi kukan mutuwar uwa da safe, da yamma ya yi hira da ita tana da rai. Zai faɗi magana guda sau goma, daga nesa, daga kusa, daga bayan kafaɗar abokinsa, ko wane karo ta fito kamar yanzu ta zo masa. Zai tako ya tsaya daidai kan alamar da aka yi masa a ƙasa ba tare da ya dubi ƙasa ba, in ya gota taku guda fuskarsa ta dushe, ko ta fita daga haske. In ya ɗauki kofi da hannun dama a ɗauka ta fari, tilas da dama zai ɗauka a ta goma, in ba haka ba mai tacewa ba zai iya haɗa su ba. Duk wannan yana kansa, ga fitilu, ga mutane sun zuba masa ido, amma a fuskarsa kada a ga kome sai ɗan baduku gaban ubansa. Wa zai ce wannan ba ilmi ba ne?

Mu mutanen Jos bai kamata a ce sai an yi mana dogon bayani ba, gama a ƙofar gidanmu a ke wannan sana'a tun zamanin kakanni. A 1926 wani Bature, Geoffrey Barkas, ya fitar da fim mai suna Palaver, wanda ya ɗauka a ƙasar Sura da Angas, watau Mwaghavul da Ngas, labarin rikicin wani Di'o da wani Baturen kuza. Mutanen ƙasa sun fito a ciki, amma ba a ce su nuna kansu ba, abin da baƙo ya zana a ransa game da su aka sa su yi, watau mutanen daji marasa wayewa. Bayan shekara 54, a 1980, talabijin na ƙasa ya fara nuna Cock Crow at Dawn, wasan da Peter Igho ya shirya a nan yankin Jos, a kan wani iyali da suka bar birni suka koma noma. Iyayenmu har yau in sun tuna Sadiq Daba, wanda ya rasu a 2021, ba su cika kiran sunansa ba, sai su ce Bitrus. Me ya sa? Don sun manta ɗan wasa su ke kallo, sun ɗauka yaron maƙwabta ne. A tsakanin fina-finan nan biyu darajar maganar ta ke: wanda ya iya tsayawa gaban kyamara yadda mutanensa su ke, ya ƙwato musu fuskarsu daga hannun baƙo.

Ga kuma makarantu kewaye da mu. An kafa Hukumar Fim ta Nijeriya a 1979, aka ajiye hedkwatarta a Jos. An buɗe Kwalejin Talabijin ta NTA a 1980, Makarantar Fim ta Ƙasa kuma a 1995, dukansu a garin nan. Jami'ar Jos, wadda ke da haraba a Naraguta, tana da sashen wasan kwaikwayo da fim. Yaran da za mu koyar, waɗansunsu can za su. Da wane guzuri za mu sallame su?

Wani kuma zai ce wannan sanyi-sanyi ɗabi'ar Turawa ce, mu wasanmu na gargajiya da hayaniya aka san shi, dubi tashe, dubi 'yan kama. Gaskiya ne, ba na kuwa raina su. Samanja da Ɗan Ibro sun sa ƙasa dariya da ƙarin gishiri, sun kuma san abin da su ke yi, gama ban dariya yana da nasa awo. Amma in aka zo wasan da ke so ya taɓa zuciya, ina ganin ba mutanen da kyamara ta dace da su kamar mu, masu kunya da kawaici. Amarya ba ta duban idon surukinta, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, dattijo in an yi masa rasuwa ba ya birgima a ƙasa, sai ya sunkuyar da kai ya ce sai haƙuri. A dandamali duk wannan ɓacewa ya ke yi saboda nisa, kyamara kuwa tana iya matsowa ta ga abin da a ke ɓoyewa. Hausawa sun riga Kuleshov ganewa da suka ce labarin zuciya a tambayi fuska.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, tun da aka fara fina-finan bidiyo na Hausa da Turmin Danya a Kano a 1990, an sami gwanaye na ƙwarai, amma an sami kuma masu aron motsi daga fina-finan Indiya da na Amurka. Saurayi ya dafe ƙirji ya dubi sama, yarinya ta tsaya ta ƙure uba da ido tana yi masa tsawa. Wa ya taɓa ganin haka a gidansu? Zanen aro ba ya rufe katara. Mai son misali na gida, akwai Shaihu Umar, fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. An daɗe ana zaton ya ɓace, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fim, aka gyara shi, aka nuna a Jamus a 2018. Ya kamata ƙungiyarmu ta nemi hanyar kallonsa, mu ga yadda na gaba da mu suka zauna, suka gaisa, suka yi shiru gaban kyamara.

Yanzu na zo kan namu laifin. Ku shiga ko wace firamare ku dubi yara a fili suna wasan 'yar tsana ko na kasuwa. Wannan uwa ce, wancan mai tumatir, ana ciniki ana rantsuwa, ba wanda ya koya musu, ba kuwa gwanin da zai fi su. A buga ƙararrawa su shiga aji, sai mu ce su miƙe, hannu a baya, su rera gaisuwa da murya ɗaya. In ranar iyaye ta zo, mu rubuta musu magana irin ta manya, yawanci cikin Turancin da ba su ji, mu sa su hadda, wanda ya fi ɗaga murya shi ne na ɗaya. Shekara shida muna haka, sai yaro ya gane in an zuba maka ido, ajiye muryarka a ke yi ka ɗauki wata. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi, mu kuwa ga inda mu ke tanƙwara shi.

Mu kanmu ba mu tsira ba. Wa bai san muryar ranar dubawa ba? Ɗalibi yana koyon koyarwa lafiya lau, yana hira da yaransa, da ya hangi malamin da ya zo duba shi ya zauna a baya da takarda, sai kafaɗa ta ɗage, murya ta canza. Ya jefa tambaya bai saurari amsa ba, don hankalinsa na kan abin da ke biye a shirin darasi. Cutar da ta kama ni a rumfar baduku ke nan, ba bambanci. Yara kuwa sun fi kyamara ido. Tun mai dubawa bai rubuta kome ba sun san malaminsu ya tafi, wani ne ya zo cikin rigarsa. Ba banza ba ne a Jami'ar Stanford ta Amurka, a 1963, aka ƙago dabarar sa masu koyon malanta su koyar da gajeren darasi ga yara kaɗan, har a kan ɗauke su a bidiyo su zauna su kalli kansu. A lokacin na'urar tana da nauyi da tsada, yau kuwa tana aljihun kusan kowa a cikinmu.

Saboda haka ina kawo shawara uku. Ta fari, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ware yamma guda a wata don wasan kyamara. Mutum biyu, minti biyu, wayar hannu guda, a ɗauki abin da ke faruwa a gida, kamar roƙon kuɗin makaranta ko kai gaisuwar rasuwa, kowa da harshen da ya ke yi da iyayensa, Hausa ko Berom ko Ngas. Sa'an nan a zauna a kalla, a nuna wa juna inda ƙarya ta shigo, ban da ba'a. Ta biyu, kafin mu fita koyon koyarwa, kowa ya sami aboki ya ɗauke shi yana koyar da 'yan ajinsa minti goma. In kuwa yara na gaske za a ɗauka, sai da iznin hedimasta da iyaye, kada kuma hoton ya bar hannun mai shi. Ta uku, in mun kama aiki, ranar wasa mu ba yara labari kawai, mu bar su su nemo maganar da bakinsu. Ba na cewa a bar koya musu ɗaga murya, mai magana gaban taro yana bukatarta. Amma su san riga biyu ce, ta fita da ta zaman gida, su kuma san ranar sa ko wace.

Kafin in bar Naraguta na koma na yi wa tsohon sallama, na sayi wata 'yar jaka ta jar fata wadda na ke zuba alli a ciki. Na ce, "Baba, ka fi ni iya wasa." Ya yi murmushi ya ce, "Wane wasa, ɗana? Shekara uku ke nan da autana ya durƙusa nan inda ka durƙusa, ya gaya mini haka."

Iyakar abin da na gani ke nan. Wanda ya ga na kauce, musamman 'yan'uwana na ƙungiya, shafin nan a buɗe ya ke, ya amsa mini a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu sa'a.